Yadda zaka fito da injin sassaƙa ƙarfe daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa ƙafarka da yatsunka lafiya

Tun kafin mu je ko'ina ka cire maganar "zamu taru mu ɗaga" daga ranka. Injin sassaƙa ƙarfe, wato leit, ba firji bane ba kuma janareto bane da za'a kira majiya ƙarfi shida kowa ya kama gefe a ce bismillah a cicciɓa. Na san ana cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, to amma matattakalar da faɗinta bai kai mita ɗaya ba mutum nawa zata ci? Biyu a sama biyu a ƙasa, kuma na ƙasan nan in abu ya kuɓuce ta kansu zai bi. Duk aikin nan daga farko har ƙarshe a kan abu ɗaya yake tsaye: kar a samu ko daƙiƙa ɗaya da hannun mutum ne ke riƙe da injin. Sarƙa ta riƙe, katako ya riƙe, ƙasa ta riƙe, kai naka juya hannu da kallo.

Je ka tsaya a gefensa ka dube shi da kyau. Gadon ƙarfen, kan da ke ɗauke da giya da sandal (sandar da ke juyawa), cok (mai kama ƙarfen da ake sassaƙawa), sirdi (mai tafiya da wuƙa a kan gado), duk suna sama wajen ƙugunka zuwa ƙirji, ƙasan kuma ƙafafu ne ko akwatin ƙarfe mara nauyi sosai. Tsawonsa zai iya kai mita biyu amma faɗin inda ya taka ƙasa wani lokacin rabin mita ne kawai. Kaga ta tsawo ba ya faɗuwa, ta fuska ko ta ƙeya yake kifewa, kuma in ya fara tafiya ba ya shawara da kowa.

Ni na gani da idona shiyasa nake ta nanatawa. Wanda muka fara turawa bai fi kilo 600 ba, a kan bututu muke mirgina shi, ko matattakalar bamu kai ba, a fili muke. Bututu ɗaya ya ɗan karkace ya haɗu da wata 'yar tsaga a siminti, sai naga injin ya ɗan sunkuyo kamar mai gaisuwa, ni kuma ba tunani ba komai na miƙa hannu zan tare. Dattijon da ke taimaka mana ya fizgo ni ta wuyan riga yana cewa "sake shi yaro, sake shi!" Ƙarar da yayi har yau tana kunnena. Hannun juya sirdi ya tarwatse, sukurun da ke tura wuƙa ciki da waje ya lanƙwashe, akwatin gaban sirdi ya tsage, daidai inda ƙafata take kafin a janye ni simintin ya fashe. Ƙarfen zubi haka yake, ba ya lanƙwasa ya baka haƙuri, karyewa yake kamar tukunyar ƙasa. To wannan itace doka ta biyu kuma ka faɗawa duk wanda zai taya ka tun kafin a taɓa komai: in ya tafi a barshi ya tafi.

Nauyinsa nawa?

Kar kayi kintace, ido yana ƙarya a kan ƙarfen zubi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, amma ƙarfen zubi mai girman litar nan ya haura kilo 7, shiyasa ɗan abun da kake gani kamar zaka rungume sai kaji ya ƙi motsi. Nemi littafin injin ko ka duba farantin da ke jikinsa ka samo suna da lamba ka bincika a intanet. Don ka samu ma'auni a kai: ƙaramin Myford ML7 na Ingila, wanda aka fara yi a 1946, bai kai kilo 100 ba in ba ƙafa, mutum biyu zasu iya da dabara. South Bend mai inci 9 na kan tebur yana wajen kilo 150 zuwa 200. Irin su Harrison M300 da Colchester Student sun haura rabin tan. Monarch 10EE kuwa, in ka ganshi ɗan guntu ne kamar ba komai, amma yana dab da tan ɗaya da rabi. In ka samu lambar ka ƙara mata wani abu sama, domin cok da moto da man da ke ciki ba lallai an saka su a lissafi ba.

Kuma a nan ne zaka yiwa kanka gaskiya. In injin ya haura tan ɗaya, ko matattakalar tana da kwana a tsakiya, ko ta katako ce da ta fara cin ruwa, to ka kira masu aikin ɗaga injina, suna da kayan da kai sai dai haya kuma sun saba. Ka kuma tambayi yadda aka shigar dashi tun asali, wani lokacin akwai wata ƙofa ko taga da aka toshe daga baya, wani lokacin ma kafin a gama ginin aka sauke shi da kuren, wanda in haka ne to ta matattakala a haɗe bazai taɓa fita ba.

Sai awon hanya. Ɗauki tef ka auna kowace ƙofa, faɗin matattakala, tsayin rufi a kan matattakalar musamman daidai inda silin yake saukowa, da filin da ke gindinta da wanda ke samanta. Wurin da mutane suka fi cin karo shine gindin matattakala, lokacin da gaban injin ya fara hawa bayansa na ƙasa, a nan dogon abu yake neman fili fiye da yadda kake zato. Dabarar da nafi yarda da ita: ka samu siraran katako ka haɗa firam mai tsawo da faɗi da tsayin injin, ku ɗauke shi ku bi hanyar dashi tun daga inda injin yake har waje. Inda firam ya maƙale nan injin zai maƙale, gara ka gano da abun kilo biyar a hannu. Ƙofofi kuma a cire su daga hinjis, harda firam ɗin in ta kama.

Rage masa kaya

Wuta tukuna. Kashe daga babban makunni, ka gwada da mita ka tabbatar babu, ba wai ka danna madanni kaga bai tashi ba kace shikenan. In akwai inbata a jiki ka bashi kamar minti goma domin kafasitocin ciki suna riƙe wuta bayan an kashe. Ɗauki hoton wayoyin kafin ka cire ko ɗaya, ka liƙa musu tef ka rubuta lamba. Sannan ka tsiyaye man kan injin da na giya da ruwan sanyaya wuƙa, don in ka karkata shi a matattakala duk zasu zubo, kuma mai a kan katakon da mutum zai taka ba sai na faɗa maka ba.

Yanzu duk abun da zai ciru ya ciru, musamman na sama, kowane kilo da ka sauke daga sama yana rage masa son kifewa. Fara da cok. Shimfiɗa falanki a kan gadon a ƙarƙashinsa kafin ka kwance, cok mai milimita 200 zai yi kilo goma sha wani abu kuma yana zuwa hannu ne ba sallama, in ya faɗo a kan layin gado ya bar tabon da zaka riƙa gani a aikinka har abada. In na zare ne da ake murɗawa, don Allah kar ka saka giyar baya ka kulle sandal ka hau dukan sa da guduma, haka ake zubar da haƙoran giya, tsofaffin injina da yawa da zaka gani da giɓi wannan ne sanadi. Ka jiƙa shi da man kwance tsatsa ka barshi ya kwana. In mai kam ne irin D1, wato wanda wasu 'yan makullai masu juyawa ke riƙe dashi, mabuɗinsa zaka sa ka juya kam ɗin ɗaya bayan ɗaya, ka yi alama da maka don ya koma yadda ya fito.

Wutsiya, wato abun da ke tokare aiki a ɗaya ƙarshen gado, sai ka sassauta ta ka zame ta ta ƙarshen gado, ku biyu, ta fi yadda take a ido nauyi. Mariƙin wuƙa da ƙaramin silaid na sama, murfina, fitila, farantin baya mai tare ɓarɓashi, tiren ƙasa in yana cira, moto, duk a sauke. Hannuwan juyawa da ke leƙowa gaba suma a cire, sune farkon abun da ke kama bakin ƙofa. Sirdi in zaka cire sai ka kwance abun da ke riƙe da dogon sukuru a can ƙarshen wutsiya, ka tallafe sukurun kar ya rataya da nauyinsa, sannan ka zame sirdin a hankali. Dogon sukurun nan da sandar fidin, wato mai tafiyar da sirdi da kanta, ka ɗaure su a jikin miƙaƙƙen katako kamar an yi wa karaya ɗori, in suka lanƙwashe ko kaɗan zaren da zaka riƙa yankawa ya tashi daga aiki. Zaka haɗu da wasu fil masu tsini, gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri, ta hanya ɗaya kawai suke fita, ka duba da kyau ka buga ta siririn gefen, in ka buga ta mai kaurin ƙara cusa shi kake. Kowane noti da bol a leda da rubutu. Kace zaka tuna, bazaka tuna ba.

Kan injin fa, a cire ko a bari? Ya danganta. A wasu kamar South Bend kan yana zaune ne a kan layin gado mai siffar V, in ka cire ka goge ka mayar zai koma mazauninsa. A wasu kuma, musamman masu giya a ciki, an saita shi ne da wasu sukurori a masana'anta, in ka taɓa sai ka sake saiti da sandar gwaji da agogon awo, aikin yini guda ne ga wanda ya iya. Ni dai ra'ayina in cire kan shine zai sa aikin ya dawo cikin ƙarfin kayan da kake dasu, cire shi, saiti abu ne da ake zama a yi da shayi a gefe. Amma guntun gadon nan da ke cira a gaban cok, wanda ake cirewa in za'a sassaƙa abu mai faɗi, shi ka ƙyale shi, nauyin da zai rage maka kaɗan ne kuma da wuya ya koma daidai yadda yake.

Abun da ya fi komai amfani shine raba gado da ƙafafunsa in injin ya yarda. Gado a ƙasa a kan katako, tsayinsa bai wuce gwiwa ba, wannan ko ya so kifewa ba inda zashi. Tsofaffin nan masu ƙafa biyu daban-daban na ƙarfen zubi su ne ma dole a raba, in ka ja su a tsaye ƙafar tana iya karyewa ko ta naɗe ciki.

Wajen ɗagawa mutane suna ruɗuwa da kuren ɗin cire injin mota da aka rubuta tan 2 a jiki. Duba hannunsa zaka ga ramuka, tan 2 ɗin nan sai hannu yana a gajarce, in ka zaro shi har ƙarshe rabin tan ne, kuma kusan kullum a zare kake buƙatarsa kafin ya kai tsakiyar gado. Bel ɗin ɗagawa ka zura shi ta cikin haƙarƙarin gado ko ta ƙarƙashinsa kusa da kai, ka sa guntun katako ya tokare shi kar ya matse dogon sukuru. Ba'a rataya inji ta sandal ko ta cok, beyarin kake kashewa. Ka lura da buɗewar bel ɗin ma: in ƙafa biyu ne a miƙe kowace rabin nauyi take ɗauka, in suka buɗe zuwa digiri 45 kowace tana ɗaukar kusan kashi 70 cikin ɗari, in suka kwanta zuwa digiri 30 daga ƙasa to kowace ɗaya tana jin nauyin injin gaba ɗaya. Dogon bel ya fi gajere kenan, in rufi ya bari. Ɗaga santimita biyu ka tsaya ka gani, in gefe ɗaya ya rinjaya sauke ka gyara, in sirdi na jiki tura shi can wajen wutsiya ka kulle don ya daidaita nauyin kai. Kuren ɗin nan kuma na ɗagawa da saukewa ne, ba'a yawo dashi da kaya a sama, ƙananan tayoyinsa ko tsakuwa suka taka sai kaya ya fara lilo. Haka cen bulok, wato sarƙar ɗaga kaya mai giya, kar ka rataya shi a katakon rufi guda ɗaya don kaga yana da kauri, ba don wannan aka sa shi ba.

Takalmi

Ka yiwa injin takalmi. Katako biyu fo-bai-fo, wato masu kaurin inci huɗu da huɗu, a tsawo, su fi injin tsawo da kamar taki ɗaya ta kowane gefe, a haɗa su da gajeru a gicciye, faɗin ya kai iyakar abun da ƙofa da matattakala zasu bari. Gaban ka fiƙe shi ya zama kamar bakin kwalekwale don kar ya riƙa cin karo. Ka ɗaure injin a kai da bol da ya ratsa katakon ya fito, da wasa da noti, ba ƙusa ba, ba sukurun katako ba, kan bol ɗin a nutse a ƙasa kar ya riƙa kartar hanya. In ba kuren, da kuroba ko jak zaka ɗaga, ta ƙarshe ɗaya, ta tsawo, ba ta gaba ko baya ba. Ɗaga santimita biyu cusa katako santimita biyu, koma ɗaya ƙarshen kayi haka, a haka a haka. Katakon kuma da sanda ake tura shi ƙarƙashi ba da yatsa ba.

A fili bututun ruwa masu kauri sun isa, guda huɗu, kaurin inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ƙanana sun fi domin ko ya zame tazarar faɗuwar kaɗan ce. Share ƙasa tas, tsaga ka rufe ta da farantin ƙarfe. Kullum a samu aƙalla biyu a ƙarƙashi, wanda ya fito ta baya a kai shi gaba, turawa kuma da kuroba daga ƙasa, ba kafaɗa a sama ba. Kwana kuwa karkata bututun gaba zakayi kaɗan injin zai bi. Tayoyi huɗu a kusurwa huɗu ban yarda dasu ba, ƙasa in ba daidai take ba ɗaya zai saki ya zame ba wanda ya lura, masu aikin ma a kan uku suke ɗorawa.

To ga matattakala

Nan ne aikin yake. In ta katako ce shiga ƙarƙashinta ka tokare katakan gefe da ginshiƙai har ƙasa, a wuri biyu ko uku, don an yi ta ne domin mutane masu hawa ɗaya bayan ɗaya. In ta kankare ce wannan ya sauƙaƙa. Ko wacce ce dai sai ka shimfiɗa falankai masu kauri guda biyu tun daga ƙasa har sama su zama titi, ka kafe su yadda bazasu zame ba, ka kuma buga siraran katako a gefe su zama kamar layin dogo don takalmin kar ya kauce. A nan ba bututu, ba taya, ba mai. Na san zuciya zata ce a shafa giris ya yi sulɓi, a'a, gogayyar katako da katako abokiyarka ce, ita ce in wani abu ya saki zata rage masa gudu.

Lissafin jan ba wuya. Matattakalar gida tana wajen digiri 35, a wannan gangaren fiye da rabin nauyin yana jan kaya ƙasa, wato a kilo 500 kusan 290 kenan, ka ƙara gogayya wadda zata iya kai 150 ko fiye, ka ƙara fizgar farko in ya ɗan maƙale. Kaga ka dawo kusan nauyin injin gaba ɗaya. Don haka ka ɗauka kamar sama zaka ɗaga shi tsaye, sannan ka ninka biyu: injin rabin tan, kayan ja na tan ɗaya ko fiye, kuma ba cen bulok ɗin kaɗai ba, sarƙa, shakul (ƙarfen haɗa sarƙa da bel), bel, ƙugiya, kowanne da lambarsa a jiki. Wanda ba rubutu a jikinsa ajiye shi. Bel ɗin ɗaure kaya a mota mai ƙaramar ƙugiya ba na ja bane. Cen bulok mai hannu da ake bugawa kamar jak ya fi daɗi a kwance, ko Tirfor mai wayar ƙarfe wanda shi tsawon wayarsa ba ya ƙarewa a tsakiyar hanya.

Ina zaka ɗaure a sama? Wannan tambayar ta fi ta cen bulok muhimmanci. Ba firam ɗin ƙofa ba, ba ƙarfen riƙo na matattakala ba, ba bututun ruwa ba. Ko dai ƙaton katako ko ƙarfe da ka gicciya a bayan ƙofa ya tokare bango mai ƙarfi ta gefe biyu, ko bol da aka dasa a kankare, ko babbar bishiya in hanyar ta miƙe zuwa waje, ko mota mai nauyi a tsaye da birkin hannu da duwatsu a taya. Motar a matsayin turke kawai fa. Kar wani ya ce bari in ja da mota a hankali, ƙafa a kan kuloci bata jin lokacin da takalmi ya maƙale, hannu a kan cen bulok yana ji, in yayi tauri ka san akwai magana sai ka tsaya ka duba.

Kan injin ya kalli sama, wato ɓangare mai nauyi shi ke gaba. In ka sa shi a baya, a kan gangare nauyin yana komawa bakin ƙarshen takalmi, gaban zai iya ɗagawa ya wuntsila. Ja daga ƙasa-ƙasa, kuma bel ɗin ya zagaye gadon injin kansa ba takalmin kaɗai ba, don in bol ya tsinke kar ka tsinci kanka kana jan katako inji ya koma inda ya fito. Sai sarƙa ta biyu, a turke na daban, wadda ake rage mata sako-sako duk bayan taki ɗaya. Mutane suna ganin kamar ɓata lokaci ne, amma yawancin cen bulok sarƙarsa wajen mita uku ce, zata ƙare kana tsakiya, dole ka saki ka sake kamawa, to a lokacin wa ke riƙe da injin? Ita.

Ba kowa a ƙasa. Ba mai "tallafawa", ba mai turawa, ba mai ɗaukar bidiyo. Wanda ke ɗakin ƙasa ya fito tun kafin a fara, ko ya koma can gefe inda ko injin ya gangaro ya tarwatse bazai same shi ba, in kuma ba wata ƙofar fita to ya sani zai zauna har a gama. In ana son gyara hanyar takalmi daga sama ake yi da dogon ƙarfe. Mai ba da umarni mutum ɗaya ne, amma "tsaya" kowa yana da ikon faɗa, kuma in an faɗa an tsaya ɗin, ba sai an tambayi dalili ba. Yara a kai su wani gidan. Kowa ya saka takalmin ƙafa mai ƙarfe a baki da safar hannu, kuma kar ku fara da yamma, gajiya da duhu su ne ke sa a ce "kai mu ƙarasa kawai".

Bakin sama shine wuri na biyu mai haɗari bayan kifewa. Takalmin zai ci gaba da hawa sama yana leƙowa a iska har sai cibiyar nauyin ta wuce bakin, sannan ya sunkuyo gaba ɗaya lokaci guda. In ka barshi ya faɗo da kansa zai buga ƙasa, sarƙa ta saki, ya iya zamewa baya. Tara katako a saman ya tarbe shi tun yana sama, kana rage su ɗaya bayan ɗaya, kana buga cen bulok haƙori ɗaya haƙori ɗaya. Inda sarƙa ko waya ke gogar bakin matattakala ka sa bututu ko katako mai tauri, in kuma zaka iya ɗaga wurin ɗaurin sama kaɗan ya miƙe da gangaren ya fi. Da zarar ya kwanta a sama ka sa masa waigi gaba da baya kafin kowa ya saki numfashi.

Sauran mai sauƙi ne in aka kwatanta. Tirela mai ƙasa-ƙasa ta fi motar kaya mai tsayi. Injin a tsawo, nauyinsa a kan gatari ko ɗan gaba kaɗan, a kafe takalmin da katako ta kowane gefe, bel huɗu su ja ta kusurwa huɗu daga gadon, ba ta kan sirdi ko hannuwa ba. Shafa mai a layin gado ka rufe da tamfol, bayan 'yan kilomitoci ka tsaya ka ƙara ɗaure bel don katako yana lotsawa. Kwana a hankali, a mota ma ta gefe yake kifewa.

In ya isa sabon wuri kar ka yi saurin kunnawa. Goge layin gado tas kafin ka mayar da sirdi, ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashinsa zata ja layi. Zuba sabon mai. Saita ƙafafu da lebul mai kyau, na injiniya irin mai 0.02 milimita a mita in zaka samu aro, ka ɗora shi a gicciye kusa da kai sannan can wajen wutsiya, abun da kake nema su karanta abu ɗaya, domin gado yana murɗewa in ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, duk kaurinsa. In wutar mai layi uku ce ka fara kunnawa ba cok a jiki ka ga ta ina yake juyawa, in ya juya baya musanya kowane biyu daga cikin wayoyi ukun, kuma dalilin cire cok ɗin shine na zare in aka juya shi baya yana iya kwancewa ya fito. Sannan ka kama sandar ƙarfe mai kauri kamar tsawon taki ɗaya ba tare da wutsiya ba, kayi yanka siriri, ka auna kusa da cok ka auna can ƙarshe. In sun bambanta ka ɗan taɓa ƙafar wajen wutsiya ta gaba ko ta baya ka sake yanka. Bayan sati biyu ka sake dubawa, ƙasa da ƙarfen duk sai sun zauna.